Mai Rage wa Rediyo Murya

Idan rediyonka ya lalace, kuma kana so ya dawo maka da muryarsa yadda ya tafi, kada ka kawo shi layinmu. Maƙwabciya ce ke gaya maka. Mai gyaran da ke jikin rumfata zai tashi matacce ya yi magana, wannan ba musu, amma zai dawo maka da shi kamar mai gaida suruki, murya can ƙasa, ko ka murɗa abin ya kai bango.

Ni ɗinki nake yi, ko in ce faci: zif, maɓalli, da gindin wandon da ya gaji da zama. Kekena yana baranda, bencinsa yana damata, katako ɗaya ne tsakanin rumfata da shagonsa. Jama'a Mai Rediyo suke ce masa. Ni Angona nake ce masa, duk da na girme shi da abin da ya isa a haifi yaro har ya fara gemu. Aure uku na yi. Ɗaya na binne, ɗaya ya gudu, ɗaya kuma ni na gudu da kekena a ka ranar da ya gwada tafinsa a kumatuna. Don haka idan na ce wa namiji Angona, ya san ba yabo ba ne, gargaɗi ne.

Dogo ne siriri, furfura ta cinye kan, tabarau ɗaure da wayar wuta, yatsu duk tabon dalma. Kunnensa na hagu ba ya ji, kuma Allah da ikonsa nan ne gefen da nake zaune. Shekaru na yi ina zuba masa zagi ta wannan ɓangaren, yana murmushi yana cewa, "Haka ne, Iya." Duk cikin mazana ba wanda ya kai shi daɗin zama.

Cikin shagon, matattun rediyo ne jere har rufi, masu su sun koma wa wayar hannu sun manta da su. Bayan ƙofa akwai tabarma a naɗe, ƙusa ɗaya da riguna biyu, butar shayi, kofi ɗaya, cokali ɗaya. Nan yake aiki, nan yake kwana. Idan na rufe rumfa da yamma na waiwayo, sai in gan shi zaune cikin akwatunan nan masu baki, ba mai ce masa uffan.

Wanda ya kawo gyara sau ɗaya da wuya ya sake. Sai ka ji mutum ya dawo yana huci:

"Malam, me ka yi wa rediyona? Da har bakin titi ake jin sa!"

"Kana ji daga inda kake zaune?"

"Ina ji, amma..."

"To ya isa. Sifikar za ta fi daɗewa."

Na sha ce masa, "Angona, kai ne mai gyaran farko da na gani yana sa wa kaya mura." Sai ya ce haka ne, Iya.

Wata rana da la'asar aka tsuge da ruwa, wuta ta ɗauke, iska ta koro ni cikin shagonsa. Ba ciniki, ba hanyar tafiya. Na zauna a damarsa don nan ne ba ya yoyo, na ce yau sai ya gaya mini abin da rediyo ya yi masa. Ya juya cokali a kofi, ya buɗe baki.

Babansa direban babbar mota ne, mutumin mutane, mai raba wa yaran layi alewa in ya dawo daga tafiya. Ɗaki ɗaya suke haya a gidan da kowa ke jin tarin kowa. Kuma mutum ne mai kunya, in ji Angona, kunyar maƙwabta. Shi ya sa in zai doki matarsa sai ya fara rufe taga, ya ƙure wa rediyo murya tukuna. Maƙwabta kuwa su ce, "Direba ya dawo, gida ya yi armashi." Yaron yana ƙarƙashin gado, yana kallon ƙafafu.

Rannan direba ya rufe taga, ya murɗa, rediyo ya ƙi. Ya bubbuga, shiru. Ga ƙarar kwanukan maƙwabciya tana wanke-wanke kamar a cikin ɗakin take. Ya tsaya da hannu a sama, ya kalli bango, ya ja tsaki ya fice. Yaron da ke ƙarƙashin gado ya ga abin da ya faru, kuma ya riƙe.

Da aka gyara rediyon, sai yaron ya sami ƙotar cokali ya kwance bayansa, ya tsinke waya ɗaya, ya mayar ya ɗaure. Direba ya kai wa wani tsohon mai gyara, ya riƙa aiken yaron ya karɓo. A karo na uku tsohon ya dubi kan notin yadda ya ciccije, ya dubi yatsun yaron, bai tambayi komai ba. Ya ce, "Ka ce wa babanka kayan sun yi wuya, sai mako mai zuwa." Mako ya zo, ya ce sai wani makon. Haka suka yi ta sayo wa matar nan kwanakin hutu, tsoho da yaro, ba wanda ya taɓa faɗa wa wani.

Har ranar da direba ya dawo ba zato, ya sami yaron durƙushe da cokali a hannu. Mari ɗaya ne. Kunnen bai sake ji ba. Daga nan aka sayi sabon rediyo aka ɗora can saman kabad. Uwar ba ta bar ɗakin ba sai da aka fitar da ita a kafaɗa, da ciwon da ba wanda ya sa wa suna. Tsohon ne ya ɗauki yaron ya koya masa sana'a.

"Shi ya sa," in ji shi. "Ban san gidan da kowane zai shiga ba. Amma wanda ya bi ta hannuna, ba zai rufe kukan kowa ba."

Na ce, "To wannan na ji. Matarka fa? Ita ma muryar ka rage mata har ta ɓace?"

Don ya yi aure, na sani. Mace ce mai dariya, tana aiki a ɗakin wanki na asibiti. Suka haifi 'ya, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, yana kiranta Uwata. Yarinyar tana tatata, wata rana gardama ta haɗa su da matar a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ta ba ƙanwarta aron kujeru ba ta gaya masa ba. Tana faɗa yana faɗa. Sai kawai ya ji kiɗa ya cika ɗaki. Ya duba, taga a rufe, hannunsa a kan rediyo. Bai san lokacin da ya rufe ba, bai san lokacin da ya murɗa ba. Matar tana ta masifarta, ba ta ma san abin da ke tafe ba. Yarinyar tana ƙasa, tana kallon ƙafafunsa.

Ya buɗe ƙofa ya fita, ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya zo shagon nan. Bai sake kwana a ɗakin ba.

Matar ta biyo shi da abinci, ta biyo shi da kuka, ta biyo shi da zagi, ta turo manya. Amsa ɗaya: "Ba laifinki ba ne." Ka ji fa, kamar wannan magana ce da mace za ta rufa da ita in ana sanyi. Da ta gaji ta ce ya sallame ta, ya sallame ta. Bai taɓa fashin abin da ya wajaba a kansa ba, ci da sutura da makaranta, amma daga nesa, kamar mai ciyar da maƙwabci. Yarinyar takan zo ta tsaya a bakin ƙofa, "Baba ina wuni," ta karɓi saƙo ta juya. Ranar aurenta can baya ya zauna kamar wanda aka kira gyaran lasifika. Da lasifikar ta shaƙe kuwa shi ya tashi ya gyara, har wani ya tambaye shi ko yana da katin sana'a.

Da ya gama ba ni labari, na zagaya ta hagunsa na ce, "Kai wawa ne na ƙin ƙarawa." Na dawo ta dama na ce, "Shayinka ya huce."

Mijin 'yar yana aiki a wani babban shagon tayil. Ni Ɗan Turare nake ce masa, don ƙamshinsa yakan riga shi sallama. Fari tas da haƙora, ga ladabi, har ƙasa yake durƙusawa. Ni kuwa na daɗe a duniya, in ladabi ya yi yawa sai in fara duba inda aka ɓoye sauran.

Wata safiya sai ga shi da ƙatuwar sifika irin ta zamani, mai fitilu kamar motar biki.

"Baba, an tashi lafiya? Iya, ya ƙoƙari? Wallahi Baba abin nan ya ishe ni. Na kai wa masu gyara har sun gaji, kullum wai waya ce ta tsinke a ciki. Na ce bari in kawo gida, ko ɓera ne ku gane mini."

"Ɓeran gidanku ɗan boko ne ke nan," na ce, "tunda waya yake zaɓa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya bar mana ƙamshi ya tafi.

Can ina taka keke sai na ji ƙauri. Na leƙa, ƙarfen dalma yana cin teburi, Angona yana zaune bai san ana yi ba. Na zare filogin na ce, "In mutuwa za ka yi ka matsa can, akwai kayan mutane a rumfata."

Ya juyo mini da bayan sifikar. "Iya, dubi notin nan."

"Na ga noti. Sai aka yi yaya?"

"Ba sukudireba ba ce. Cokali ne."

Ɗan Turare da matarsa suna da 'ya ɗaya, 'yar mitsitsiya, haƙoran gaba sun zube, Mai Giɓi nake ce mata. Sau biyu ko uku na taɓa ganinta. Yarinya ce da ba ta gudu, ba ta ihu, kullum idonta a kan hannun manya.

Angona ya ce, "Zan ce masa kayan sun yi wuya. Sai mako mai zuwa. In ya matsa, in rage mata murya yadda ko..."

Ranar nan na ɗauko kujerata na dasa a damarsa, na kama kunnen mai ji da yatsu biyu.

"Saurara, Angona. Dabara biyu ka iya a duniya, tsinke waya da gudu. Ta farko ta ci maka kunne, ta biyu ta ci maka gida. Mutumin nan tayil yake sayarwa, in ka riƙe wannan gobe zai sayo wadda ta fi ta. Tsohon mai gyaran nan na kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma mako-mako ya yi ta ba uwarka har aka fitar da ita. Kuma ka gaya mini, ranar da Ɗan Turare zai dawo ba zato ya sami ɓeran nan da cokali a hannu, wane kunne jikarka za ta bayar, na hagu ko na dama?"

Ya rufe fuska da tafukansa. "Ba ta ɗauke ni uba ba, Iya. In na je me zan ce mata?"

"Ka ce abin da ka gani a noti. Tashi. Sa ɗaya rigar, wannan warin dalma take."

Muka tafi da hantsi, shi rungume da sifika, ni ina jan gwiwa ina tsine wa matakala. Gidan haya ne mai hawa, ƙofofi a jere, igiyar shanya ta ratsa tsakar gida. 'Yar ta buɗe. Ana zafi kamar me, ita kuwa riga mai dogon hannu, mayafi ya rufe kunci ɗaya. Mai Giɓi tana maƙale a bayanta.

"Baba? Lafiya? Ai da ka bari ya zo ya karɓa." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ashe ka san hanya."

Ya shiga ya ajiye sifikar a tebur, ya zaro cokalin shayinsa daga aljihu, ya sa ƙotar a kan noti ya fara juyawa. Yarinyar ta saki zanen uwarta, ta ja da baya har ta dangana da gado.

"Kada ki ji tsoro," ya ce mata. "Ni ma da cokali na fara. Jar wayar kike cirewa, ko? Ita ce daidai."

Uwar ta juya ta kalli 'yarta. Wallahi ba ta sani ba. Ita a zatonta Allah ne ke lalata mata abin nan don ta huta.

"Ke ce?" ta ce. "Ke ce kike..."

Yarinyar ta ce, can ƙasa, "In babu kiɗa ba ya yi."

Angona ya juya mata gefen kansa na hagu, ya taɓa kunnen. "Uwata, kin taɓa tambaya me ya sami wannan? Ranar da aka kama ni ne. Ban fi ta girma ba."

Ba ta yi kuka ba, irin gidan ba sa yi. Sai ta durƙusa ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado, ta fara da kayan makarantar yarinyar.

Muna cikin ɗaure kaya ƙamshi ya hawo matakala. Ɗan Turare ne ya dawo cin abincin rana. Ya ga jaka, ya ga sifika a buɗe, ya ga cokali, haƙoran nan ba su ɓace ba amma idon ya sauya.

"A'a, Baba, Iya, me ya yi zafi? Ku zauna mana. Tsakanin miji da mata ai ba a rasa 'yar matsala. Bari in rufe ƙofa mu yi magana a tsanake, kada a ji mu."

Ya kai hannu ga ƙofa, Angona ya sa ƙafa ya tare. Na ga yatsunsa sun dunƙule, jijiyoyin wuya sun tashi, na ga direban da ban taɓa gani ba yana leƙowa ta fuskarsa. Ya ce, bai kalle ni ba, "Iya, riƙe mini hannu." Na cafke hannayen biyu ta baya, kamar na kama ɓarawon zif.

Sai ya fita baranda da ni a maƙale, ya buɗe baki. Shekarun nan duka ban san yana da murya ba. Mutumin da ya shaƙe rediyon rabin gari, ranar har tantabarun kan rufi sai da suka tashi.

"Jama'ar gidan nan! Wannan 'yata ce! Dukanta yake yi! Duk ranar da kuka ji kiɗa ya cika ɗakin nan, ba daɗi ake ji ba, dukanta ake yi! Yanzu kun ji, ba mai cewa bai sani ba!"

Ƙofofi suka buɗe. Wata mai shanya ta tsaya da zane a hannu. Wani ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai yar ba. Na ce, "Ku daina kallon ƙasa, ba kuɗi a wurin. Wani ya zo ya ɗauki jaka." Mata biyu suka hawo, ɗaya ta ɗauki jakar, ɗaya ta riƙe hannun yarinyar. Ɗan Turare ya tsaya jikin bango yana ta "haba Baba, haba Baba," ba mai kallonsa. Irinsu ƙarfinsu a rufaffen ɗaki yake.

Muka kai 'yar Angona gidan uwarta. Washegari uwar ta kai ta asibitin da take aiki aka duba ta, daga nan suka wuce ofishin da ke karɓar irin wannan ƙara. Ɗan Turare ya turo masu ba da haƙuri har sun gaji da hawa da sauka. Ba ta koma ba. Abin da gobe za ta yi ban sani ba, ni tela ce, ba mai duba ba.

Amma a ranar, da muka isa, Angona bakin ƙofa ya tsaya. Tsohuwar matarsa ta leƙo, ita ma kai ya yi fari, ta dube shi ta ce, "Ka tsufa." Ya ce haka ne. Ta shige da jikarta.

'Yar ce ta dawo waje. Ta zagaya ta tsaya a damarsa, ashe ta san gefen.

"Baba, mu me muka yi maka ka tafi?"

Ya gaya mata, a taƙaice: tagar, kiɗan, hannunsa, da ita a ƙasa tana kallon ƙafafunsa. Ya ce, "Na ji tsoron abin da zan zama."

"Ka doke ta?"

"A'a."

"To da ka kashe shi ka zauna, Baba. Kashe shi kawai za ka yi, ka zauna. Na girma ban san yadda namiji yake fushi ya zauna ba. Da na ga wannan yana yi, na ɗauka ko dai a doke ka ko a bar ka, na zaɓi wanda bai tafi ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta gode da yau, ta shiga ta tura ƙofa. Muka dawo a ƙafa, ban zage shi ba ko ta hagu.

Yana nan a shagonsa. Tabarmar tana bayan ƙofa, rigunan biyu suna kan ƙusa. Na ga ya sayo ƙaramin kofi na roba, ja, ya kife kusa da nasa. Wani lokaci kakar takan sauke Mai Giɓi a bakin layi bayan makaranta, ta sha shayi, ta yi masa surutu ta dama, yanzu har gudu take yi tana ture mini zare. Ta ce ya koya mata gyara, ya ce sai ta girma, yanzu aikinta wasa. Amma yawancin ranaku kofin a kife yake wuni, sai ya ɗauka ya goge ƙurar ya mayar. 'Yar ba ta zo ba tukuna.

Wani abu ya tsira da shi kwanan nan. Da yamma in ina haɗa kayana, sai ya sauko da rediyo ɗaya daga cikin marasa masu su, ya kunna, ya murɗa har iyakar abin da ya bar masa. Ya tsaya a kansa jim. Sai ya kashe. Ya ja benci ya zauna, hannu a kan gwiwa, yana fuskantar ƙofa.

Jiya na ce, "Angona, wa kake jira?"

Ta hagu na faɗa. Ya ce, "Haka ne, Iya."